Baba Sabis Ya Zare Kansa Daga Soket

Kafin mu masu yankar kati mu buɗe tagarmu, kafin masu jiran likita su fara musun wa ya riga wa zuwa, Baba Sabis ya riga ya shige ɗakinsa. Ɗakin yana ƙarƙashin matakalar bene, bayan wurin karɓar magani, ba taga, ba kujerar baƙo. A ciki akwai dogayen akwatunan ƙarfe cike da na'urori, kowace da 'yan fitilunta kore da ja suna ta ƙyafta ido, ga wayoyi sun zubo ta bayansu kamar kitson da aka tsefe rabi aka tafi amsa sallama. Sanyin ɗakin kuwa ba a magana. Ko ana zafin da kwalta ke narkewa a waje, Baba da rigar sanyi yake shiga, da hular ulu da uwargidansa ta saƙa masa. Yakan tsaya ya bi fitilun da ido ɗaya bayan ɗaya, ya kasa kunne ya ji kukan fankoki, ya taɓa jikin kowane akwati da bayan hannu irin yadda uwa ke duba zazzaɓi. In ya ga komai kore ne, sai ya tsiyayi shayi daga filas ya zauna.

Sunansa na yanka yana can ofishin ma'aikata, amma ban san mai kiransa da shi ba. Tun ranar da wata tsohuwa ta tsayar da shi ta ce, "Kai ne mai sabis ɗin? To a ƙara mini, nawa ya ƙare," sunan ya bi shi. Shi ne mai kula da duk wata hanyar sadarwa ta asibitinmu: wayoyin da ke tsakanin ɗakuna, intanet, kwamfutocin da muke buɗe wa marasa lafiya kati, lasifikar kiran suna, talabijin ɗin ɗakin jira, da babban allon da likitocinmu ke ganawa da 'yan'uwansu na nesa. Ni kuwa ni ce mai zama a tagar farko, wadda Baba ya laƙaba wa Uwar Kati. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na lura shirin da ake yi masa bai wuce lemo da jawabi ba. Na ce a'a, yabon gwani ya zama dole, ko da mai yabon ba ta san bambancin jar waya da shuɗiya ba.

Aikin Baba irin aikin nan ne da in yana tafiya daidai ba mai tuna akwai mai yinsa. Wata guda sai ya wuce ba wanda ya ce masa sannu. Amma bari kwamfuta ta yi tari sau ɗaya, nan take za ka ji asibiti ya ɗauka, "Ina Baba Sabis? A nemo Baba Sabis!" kamar shi ya shiga ciki ya riƙe mata wuya. Kuma a wurin mutanenmu duk abin da ke da wutsiyar waya nasa ne. An kawo masa dutsen guga, an kawo masa rediyo, wani direban motar asibiti har agogon hannu ya kawo. Wata 'yar nas ta taɓa tare shi a baranda, ido ya yi ja, ta miƙa masa wayarta.

"Baba, don Allah duba mini sabis ɗin nan naku. Tun jiya na tura wa wani saƙo, har yanzu shiru."

Baba ya gyara tabarau ya duba. "Saƙo ya je, 'yata. An ma buɗe an karanta."

"To me ya sa ba amsa?"

"Wannan layin kam ba ta ɗakina ya bi ba," in ji shi, ya miƙa mata wayarta cikin tausayi.

Abin da ya fi shahara da shi a wurinmu shi ne gwajin ihu. Bari in yi bayani, don na ji an ce masu irin sana'arsa duk sun san shi, mu ne dai ba a gaya wa ba sai da ya faɗo kanmu. Asibitinmu ba rana ɗaya aka gina shi ba. Yau a ƙara ɗaki, gobe a ƙara bene, kowane ɗan kwangila ya ja wayarsa ya cusa a ɗakin nan na ƙarƙashin matakala ya kama gabansa, ba alama, ba bayani. Da Baba ya kama aiki sai ya gaji ƙullin da ba wanda ya san kansa balle gindinsa. Wayoyin ɗakin tiyata da na haihuwa da na taimakon gaggawa, waɗannan bai yi wasa da su ba. Da rarrafe ya bi su ta cikin silin, yana fitowa fari fat da ƙura, har ya san kowace kamar tafin hannunsa. Sauran da ba a san mai su ba, su yake kira marayu, kuma hanyarsa ta nemo wa marainiya dangi ɗaya ce. Zai zare ta daga soket, ya buɗe ƙofa, ya zauna da kofin shayi yana jira ya ji ta inda ihu zai ɓullo. Duk wanda ya sauko yana faɗa, to shi ne mai ita. Sai Baba ya mayar, ya rubuta sunan mutum a ɗan farin tef ya naɗa a wuyan wayar. In kuwa aka daɗe ba wanda ya yi ko tari, sai ya naɗe ta ya rataye a ƙusa ya ce, "Wannan ta gama nata."

Ni ma an gwada ni. Wata safiya layi ya kai bakin ƙofa, wani mai ciwon haƙori yana harara ta kamar ni na dasa masa, kwamfutata ta tsaya cak. Na danna, na buga, na yi mata magana mai daɗi, na yi mata mara daɗi. Sai na kwashi gyalena na sauka, tun daga saman matakala nake sababi. Na tarar da bawan Allah a zaune ƙafa ɗaya kan ɗaya, waya a hannu, fuskar nan fal da murna kamar mai ƙugiya ya ji kifi ya ja.

"Maraba da Uwar Kati. Ashe taki ce. Shekara da shekaru ina neman mai ita."

"Baba, mutane na can za su cinye ni ɗanya!"

"Kafin ki hau sama ta dawo. Amma gaskiya kin burge ni. Ihun Babbar Sista ya fi tsawo, naki ya fi kauri."

Har yau wayata tana nan da tef a wuya, an rubuta, "Uwar Kati, kada a sake."

Babban Likita ma bai tsira ba. Waɗanda suke wurin sun ce ana tsakiyar ganawa da wani shehin likita daga wata ƙasa, yana bayani a kan babban allo, sai hoton ya daskare. Bawan Allah ya tsaya a cikin allon baki buɗe, ido ɗaya a rufe, yatsa a sama. Ƙananan likitoci suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Babban Likita da kansa ya sauko neman ɗakin da bai taɓa shiga ba, ya ɓata hanya, ya faɗa sito, daga ƙarshe ya samu ƙofar amma bai san ana sunkuyawa ba. Ƙarar da goshinsa ya yi da matakala, a ɗakin magani aka ji ta. Baba ya miƙe da ladabi ya ce, "Sannu, Yallaɓai. Ashe taka ce. Da na sani da na fara sa a cire matakalar."

Kada mai karatu ya ɗauka duk wasa ne. Akwai shekarar da masu gyaran magudanar ruwa suka zo da motar haƙa, suka tsinke babbar wayar da ta haɗa mu da ɗakin gwajin jini. Sakamako ya daina zuwa, likitoci suka tsaya da magani a hannu ba su san na wa za a ƙara na wa za a rage ba. Ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Da idona na ga Baba a cikin rami, taɓo har gwiwa, ya kafa laima a kafaɗa ya danne da haɓa, yana haɗa zaren gilashin da bai kai gashin kai kauri ba. Da ya gama ya fito, takalminsa ɗaya ya ƙi biyo shi, har yau yana can ƙarƙashin kwalta. Sakamako ya dawo, wata mai jego da jininta ya yi ƙasa aka gano da wuri aka ƙara mata. Danginta suka yi ta sa wa likita albarka, kuma ya cancanta. Baba kuwa ya bi ta bayansu da ƙafa ɗaya ba takalmi, ba wanda ya waiwaya.

Kai ne wannan, Baba. Kai ne masaƙin da ba a ganin saƙarsa sai zare ya tsinke. Kai ne ake zagi da safe a roƙa da rana, ba ka taɓa riƙe na safen ka hana na ranar ba. Mun sha ɗora maka laifin mai wuta, da na hadari, da na ɓera, da na yatsunmu da ba su iya danna abu daidai ba, kai dai sai ka ce, "Bari in duba."

Shekarun baya aka kawo masa mataimakiya, wadda kowa ke kira Injiniya. Mace ce mai karatu, mai 'ya'ya, ba ta da yawan magana, kullum da kwamfutar hannu a jaka. Mu 'yan gulma muka gyara zama muna jiran a kwashi 'yan kallo tsakanin tsoho da sabuwar zuwa. Muka sha kunya. Shi ya zagaya da ita silin da rami ya nuna mata inda kowace waya ta bi, ita kuma ta kafa wani tsari da ke sa ido a kan dukkan layukan asibiti a allo guda, in wani ya fara ciwon kai sai saƙo ya shigo wayarta tun mai layin bai sani ba. Baba ya daɗe yana kallon allon, sannan ya girgiza kai ya ce, "Shi ke nan, kin kashe mini kasuwar ihu." Amma ranar har tagata ya zo yana ba ni labari, baki har kunne, kamar shi ya haife ta.

To, da lokacin ajiye aiki ya matso sai magana ta rabu biyu. Babban Likita, wanda tun ranar goshi yake ganin girman ɗakin ƙarƙashin matakala, ya ce sam, a ƙara wa Baba wasu shekaru, don shi bai yarda asibitin nan zai kwana ya tashi ba Baba ba. Uwargidan Baba kuma ta ce ba ta san wannan zance ba. Ita da bakinta ta gaya mini, don mun saba, takan zo awon hawan jini ta tsaya a tagata mu taɓa hira.

"Uwar Kati, tun ina amarya nake raba mijin nan da waya. A zauna cin abinci, waya. A je gaishe da mara lafiya, waya. Jikokinsa suna can nesa, a allo kawai suka san shi, ƙaramar ma ta ɗauka a cikin wayar uwarta yake kwana. Yanzu da Allah ya kawo ni gaɓa, a ce in koma tsakiyar kogi?"

Baba ya rasa na kamawa. Bakinsa yana cewa ya gaji, amma duk wanda ya ga yadda yake shafa akwatunan nan ya san zuciyarsa ba ta gaji ba. A ƙasan ransa yana son a ce ba a iya yi sai da shi. Wa ba ya so? Daga ƙarshe ya yanke hukunci irin na sana'arsa. Ya tara Babban Likita da Injiniya ya ce, "Zan zare kaina daga soket. Ina da hutun da ban ci ba, zan tafi gida shiru, kada a gaya wa kowa. In aka yi ihun da Injiniya ta kasa kashewa, to da sauran aikina, zan zauna. In kuwa aka ji shiru, Yallaɓai, sai a naɗe ni a rataye." Ya bar rigar sanyinsa a bayan kujera da hularsa a ƙusa, don mai leƙowa ya ɗauka ya ɗan zaga ne.

Abin da ya faru a gida, daga uwargida na ji shi. Ta ce Malam ya kafa kujera a falo, ya ƙure ƙarar waya, ya ɗora ta a gwiwa yana kallo. Shiru. Ya ɗaga ta sama, ya kai ta bakin taga. Shiru. Can sai ya ƙwala mata kira.

"Ke, ɗan kira ni in gani."

"Malam, ga ka ga ni, in kira ka in ce me?"

"Ke dai kira. Gwaji ne."

Ta kira daga kicin, waya ta ɗauki ƙara har maƙwabta suka ji. Ya dube ta ya ce, "To, lafiyarta ƙalau," da muryar wanda aka gaya wa mugun labari. Da zaman ya ishe shi sai ya faɗa wa gidan. Ya kwance wayoyin bayan talabijin ya sake jerawa, ya naɗa wa kowace tef. Ya naɗa wa butar lantarki, ya naɗa wa cajar uwargida. Rannan ya ga wata waya ta shige bayan kabad bai san inda ta nufa ba, ya zare ya zauna yana jira. Ta firji ce. Sai da ruwa ya malalo har falo aka gane, kuma ta ce ihun da ya nema a asibiti bai samu ba, ranar ya same shi a gida har da ƙari.

A asibiti kuwa, gaskiya ɗaya ce, ba mu san ba ya nan ba. Lasifika ta ɗan shaƙe wata safiya, kafin Babbar Sista ta gama zura takalmi Injiniya ta gyara. Aka yi iska da ruwa, komai ya tsaya da ƙafarsa. Talabijin ɗin ɗakin masu karaya bai ɗauke ba ko ana tsakiyar ƙwallo, alhali da can nan ne hedikwatar ihu. Na wuce ƙofar ɗakinsa na hango rigar a kujera, na ce "Sannu da aiki, Baba," na yi gaba abina. Da ya kasa haƙuri sai ya karya dokarsa ya kira Injiniya.

"Ba komai?"

"Ba komai, Baba."

"Ko ɗan wani abu haka?"

"Ko ɗaya. Komai kore ne."

"Madalla," in ji shi. "Haka ake so."

Uwargida ta ce ya ajiye wayar ya ce mata, "Na ci jarrabawa," sannan ya ture kwanon abincinsa bai kai rabi ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Dariya ta zo mata, amma da ta dubi fuskarsa sai ta haɗiye. Abin ya yi masa ciwo, kuma ni ban ga laifinsa ba. Duk rayuwarsa wannan shirun yake wa aiki, ya gina shi da hannunsa, ya koya wa wata yadda za ta riƙe shi. Ga shi ya samu, sai ya tarar shirun ba ya cewa na gode.

Ana nan, wata safiya ina tsakiyar yankar kati sai na ga layin gabana ya dare biyu, kowa na matsawa jikin bango. Na ɗaga kai. Wani dogon dattijo ne ke tahowa, da farin takalmin roba har gwiwa, da rigar leda a gaba, ya rungumo wayar tebur an naɗe ta da igiyarta. Kawu ne, mai kula da ɗakin ajiye gawa. Ɗakinsa yana can ƙarshen asibiti, bayan wurin wanki, bayan janareta, inda hanya ta ƙare. Yawancinmu mun san akwai shi amma ba ma neman ganinsa. Mutumin kirki ne, ba ruwansa, sai dai in ya miƙa hannu a gaisa za ka ga mutane sun tuna suna da mura. Rabon da a gan shi a babban gini har an manta.

Ya ɗora wayar a kan tagata a hankali ya ce, "'Yata, ina ɗakin masu waya? Wannan ta rasu."

Na rufe taga na raka shi da kaina, don wannan ba abin da za a ba ni labari ba ne. Injiniya ta karɓa da girmamawa, ta jona, ta kasa kunne, ta kira lambar da wayar ɗakin. Waya ta ɗauki ƙara tangararau.

"Kawu, ai lafiyarta lau. Layinka ma ga shi nan a allo, kore ne, bai taɓa ɗaukewa ba."

"Ni za ki gaya wa? Yarinya, na tsufa a aikin nan. In abu ya yi sanyi ya yi shiru kwana da kwanaki, na san sunansa."

"To wa kake jira ya kira?"

"Maƙwabcina mana, mai ɗakin nan. Wayar nan abu biyu ke sa ta ƙara. Ko an yi rashi ana nemana, wannan kuwa jifa-jifa ne, don yawanci dangi daga kan gado suke ɗaukar nasu. Ko kuma shi. Tun ranar da ya ja mini layin nan, kullum da safe sai ya kira. Ya ce nawa ne mafi nisa, in nawa ya yi ƙara to duk na tsakani suna da rai. Sai ya ce, 'Maƙwabci, yaya mutanenka?' In ce, 'Suna kwance, ba mai ƙorafi. Naka fa?' Ya ce, 'Nawa sai ƙorafi.' Shi ke nan, kowa ya kama aikinsa. Ni da shi ne kaɗai masu aiki a ɗakin sanyi a gidan nan, bambancin dai nasa suna ƙyafta ido."

Injiniya ta dube ni, na dube ta. A hankali ta ce, "Uwar Kati, tun da na kafa allon nan ba a bukatar wannan gwajin. Baba ya fi kowa sani." Ya nuna mata kowace waya da kowane rami, amma wannan bai faɗa mata ba, don shi kansa bai lissafa shi cikin aiki ba. Injiniya ta jawo wayar Kawu ta danna lambar Baba ta gida, ta miƙa masa.

Uwargida ta ce da wayar ta yi ƙara, ya ga lambar asibiti, tsallen da Malam ya yi rabonsa da shi tun yana saurayi. Shayi ya kife a kan darduma. Mu kuma daga nan muna jin muryarsa tana fitowa.

"Me ya faɗi? Wane layi? Kada a taɓa komai, ga ni nan!"

"Maƙwabci," in ji Kawu, "kana da rai?"

Baba ya ce, "Ina da rai, maƙwabci."

"To ai sai ka faɗa. Na duba wajena kaf ban gan ka ba, na ce to da sauran magana. Mutum ya ɗauke haka ba sallama?"

"Wallahi na ɗauka damunka nake yi."

"Damuna kake yi mana. To wa ya ce ka daina?"

Ni da Injiniya muka fashe da dariya, amma tawa ba ta ƙare da daɗi ba, sai da na kai gyale ido. A can gida kuma, in ji uwargida, Malam ya juya mata baya yana fuskantar bango, sannan ya ce, "Yaya mutanenka?"

Washegari Baba ya zo, ya hau ofishin Babban Likita, ya ce, "Yallaɓai, sakamako ya fito. Ihu ɗaya aka yi, kuma ba na asibiti ba ne, nawa ne. Aiki yana hannu mai kyau, a bar wa Injiniya. Ni zan tafi in nuna wa jikokina ina da ƙafafu." Abu ɗaya ya roƙa, a buɗe layin Kawu yadda za a iya kiransa kai tsaye daga waje. Injiniya ta ce ta riga ta yi tun jiya.

Baba, mun gode. Mun gode da silin ɗin da ka rarrafa, da ramin da ka shiga, da zagin da ka sha ba naka ba. Mun gode da ba ka ƙulle sanin aikinka a aljihu don a yi ta nemanka ba, ka zazzage shi duka ga wadda za ta gaje ka, ko da yake ka san hakan zai sa a daina kiran sunanka. Ba kowa ke iya wannan ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ba uwargida haƙurin zama da kai, ya kuma tsare firjinta. Ku kuma masu riƙe da aiki a ko'ina kuke, ku yi koyi da shi, ku koyar kafin ku tafi. Sannan kowa ya duba, a wurin aikinsa ko a danginsa, akwai wani can ƙarshen layi wanda wayarsa ba ta ƙara sai da dalili.

Ni dai na fara da kaina, don kada a ce mai wa'azi ba ta aiki da shi. Shekaranjiya da layi ya lafa na ɗaga wayar tagata na danna lambar da duk zamana a asibitin nan ban taɓa dannawa ba. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Allah ya ji ƙan rai. Daga wane ɗaki? In taho da gado?"

"A'a, Kawu, ba wanda ya rasu. Uwar Kati ce. Gaishe ka kawai na kira in yi."

Can na ji ƙarar jan kujera.

"To dakata in zauna, 'yata," in ji shi. "Irin wannan ba a amsa ta a tsaye."